Muhawara a Zaure: Shin Akwai Ƙarfin da ke Wurga Abu Waje Idan Yana Juyawa?

Ɗalibin injiniyanci, Ƙofar Marusa:

Assalamu alaikum, malamai da iyayenmu na wannan zaure. Akwai wata mas'ala da nake roƙon a warware mana, domin abin da ake koya mana a aji da abin da muke ji a wurin koyon aiki sun saɓa wa juna. A darasin fiziks an ce duk abin da ke tafiya a kan da'ira, ƙarfin da ke riƙe da shi zuwa tsakiya yake jan sa, kuma wai babu wani ƙarfi na haƙiƙa da ke wurga shi waje. A wurin gyaran injinan ban-ruwa kuwa, kowa cewa yake yi farfela ce ke watsa ruwa waje, kuma da wannan watsawar ce famfo ke aiki. To, idan ƙarfin babu shi, me ke ɗaga ruwa daga fadama zuwa gona? Idan kuma akwai shi, me ya sa idan an juya shayi da cokali ganyen ke taruwa a tsakiyar kofi maimakon ya manne a gefe?

Malamin fiziks, Daura:

Wa alaikumus salam, ɗana. Abin da malaminku ya faɗa daidai ne, kuma ba ra'ayinsa ba ne. Ka dubi yaron da ke korar tsuntsaye a gonar gero da majajjawa. Muddin yana juya ta, igiyar a miƙe take, kuma aikinta guda ɗaya ne, wato hana dutsen wucewa gaba, tana karkato shi zuwa hannun yaron a kowane lokaci. Da zarar ya saki baki ɗaya na igiyar, ina dutsen ke nufa? Da a ce akwai wani abu da ke tura shi waje, da ya fita ta kan layin da igiyar take, daga hannu zuwa waje. Ba haka yake yi ba. Yana miƙewa ne ta inda ya fuskanta a daidai lokacin da aka sake shi, wato ta gefen da'irar, shi ya sa gwanin majajjawa ke sakin ta tun dutsen yana gefensa, ba sai ya iso gabansa ba.

Wannan ita ce ƙa'idar farko daga cikin ƙa'idojin motsi uku da Isaac Newton ya wallafa a Ingila a 1687: abin da ke tafiya zai ci gaba da tafiya a miƙe, da gudunsa, sai idan wani ƙarfi ya sauya masa hanya. Saboda haka tafiya a miƙe ba ta buƙatar dalili, lanƙwasa ce ke buƙatarsa. Lissafin girman ƙarfin da lanƙwasar ke nema kuwa, Christiaan Huygens na ƙasar Holan ya riga ya fitar da shi tun 1659, ya kuma wallafa sakamakon a 1673. Ana ɗaukar nauyin abu a ninka da gudunsa, a sake ninkawa da gudun, sannan a raba da nisansa daga tsakiya. Ina so ka lura da cewa gudu sau biyu ya shiga lissafin. Wanda ya ninka gudunsa sau biyu, ƙarfi ninki huɗu yake nema kafin ya iya bin kwana ɗaya, wanda ya ninka sau uku kuma ninki tara. Kusan duk abin da za a faɗa a wannan muhawara daga nan zai fito.

Tsohon direban babbar mota, Ƙofar Ƙwaya:

Allah ya gafarta Malam, ni karatuna bai kai nan ba, amma na daɗe ina jan babbar mota a hanyar Kano da ta Jibiya, kuma ina da ja a kan maganar. Duk wanda ya taɓa shiga shataletale da gudu ya san cewa jikinsa na mannewa da ƙofa, kuma buhunan da ke baya ta waje suke zamewa, ba ta ciki ba. Ban taɓa ganin tirelar da ta faɗi a kwana ta kwanta ta ɓangaren cikin kwanar ba, kullum ta waje take kwanciya. Abin da babu shi ba ya kayar da mota mai tan talatin. Bugu da ƙari, duk direban tanka ya san cewa tankar da ke da rabin mai ta fi cikakkiya wuyar sha'ani a kwana, domin man yana kwarara gefe guda ya ja motar. Idan ba ƙarfi ne ke kwarara shi ba, to mene ne?

Malamin fiziks, Daura:

Baba, duk abin da ka gani haka yake, bambancinmu a kan sababi ne kawai. Lokacin da ka murza sitiyari, motar ce ta bar miƙaƙƙiyar hanya, jikinka kuwa yana nan a kan niyyarsa ta wucewa gaba, sai ƙofar ta zo ta tare ka ta tilasta maka bin kwanar. Matsin da kake ji a kafaɗarka ƙofar ce ke tura ka ciki. Haka man da ke cikin tankar: ba abin da ya kama shi sai bangon tankin, don haka yake taruwa a jikin bangon waje har sai bangon ya juyo da shi. Shaidar ita ce, ba za ka iya nuna mini abin da ke yin turin zuwa waje ba, alhali kuwa turin zuwa ciki kullum da mai yin sa, ko igiya, ko ƙofa, ko taya a kan kwalta.

Injiniyan hanyoyi, Katsina:

Bari in saka lambobi a tsakanin Malam da Baba, domin a aikinmu nan ne maganar ke zama rai ko mutuwa. A ɗauki kwanar da nisanta daga tsakiya mita 50 ne. Motar da ta shige ta da gudun kilomita 36 a awa tana buƙatar a ja ta ciki da ƙarfin da ya kai wajen kashi ɗaya cikin biyar na nauyinta, kuma tayoyi na iya samar da wannan ba tare da wata matsala ba. Idan ta shiga da kilomita 72, buƙatar ta koma wajen kashi huɗu cikin biyar na nauyinta, wanda shi ne iyakar abin da taya mai kyau ke iya riƙewa a kan busasshiyar kwalta. Idan an yi ruwa, ko yashi ya hau titi kamar yadda yake yi mana bayan kowace iska, riƙon ya ragu ƙwarai, sai ƙaramar mota ta zame.

Babbar mota kuwa ba ta ma kaiwa ga zamewa, faɗuwa take yi, kuma dalilin na tsayi ne. Kwalta a ƙasa take jan tayoyi zuwa ciki, cibiyar nauyin kaya kuwa, wato tsakiyar da nauyin kayan ya tattaru, tana can sama tana neman wucewa gaba, sai motar ta wuntsila a kan tayoyinta na waje. Tirelar da aka yi wa lodi mai tsayi tana iya ɗaga tayoyin ciki tun ƙarfin bai wuce wajen kashi ɗaya cikin uku na nauyinta ba, wato a gudun da ƙaramar mota ke wucewa lami lafiya. Abin da Baba ya faɗa game da rabin tanka gaskiya ne, domin man da ya koma gefe yana matsar da cibiyar nauyin zuwa kan tayoyin waje, kuma idan direba ya karya hagu ya sake karya dama, man zai dawo da ƙarfinsa ya bugi ɗaya bangon a daidai lokacin da motar ba ta gama daidaita ba.

Maganin da muke yi shi ne ɗaga gefen waje na titi a kwana, yadda nauyin motar da kansa zai taimaka wurin karkato ta ciki. Haka ake yi wa layin dogo, kuma za a ga wannan a layin Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, wanda ya ratsa ta Daura da Katsina da Jibiya. Faɗin irin wannan layi milimita 1,435 ne, kuma a kwana akan ɗaga ƙarfen waje sama da na ciki, yawanci ba ya wuce wajen milimita 150. Wahalar ita ce ɗagawar da gudu ɗaya kawai take dacewa. Jirgin fasinja mai sauri ƙarfen waje yake ci, jirgin kaya mai jan jiki kuma nauyinsa a kan ƙarfen ciki yake sauka, don haka dole mai zane ya zaɓi tsaka-tsaki.

Sai dai, Malam, in faɗa maka gaskiya, a takardun lissafinmu kibiya muke zanawa mai nuna waje, mu rubuta mata adadin, mu daidaita ta da nauyin mota, kuma amsar ba ta taɓa saɓawa da taka ba.

Injiniyan ruwa, Dutsin-Ma:

Wannan magana ta ƙarshe ita nake jira, domin ni ina ganin malaman fiziks suna tsananta wa ɗalibai fiye da kima a nan. Malam yana tsaye ne a bakin titi yana kallon mota, kuma daga inda yake bayaninsa cikakke ne. Amma wanda ke zana farfelar famfo ba zai iya tsayawa a waje ba, dole ya ɗauki kansa tamkar yana zaune a kan farfelar yana juyawa tare da ita, domin ta haka ne kawai zai ga yadda ruwa ke bin fikafikanta. Daga wannan mazauni kuwa lissafi ba ya tashi sai an saka ƙarfi mai tura ruwa waje, kuma an yarda da haka a fiziks ɗin kansa. Gaspard Coriolis na Faransa, wanda ya fayyace lissafin motsi a cikin abu mai juyawa a 1835, injiniya ne, kuma injina masu juyawa ne suka kai shi ga binciken. Don haka ni ba na cewa ƙarfin ƙarya ne, cewa nake yi ƙarfi ne da ke bayyana ga wanda ke cikin juyin kaɗai.

Ga amsar tambayarka ta farko, ƙanena. Idan ka kwance injin ban-ruwa irin wanda manoman rani ke amfani da shi a bakin madatsar Zobe ko ta Jibiya ko Ajiwa, za ka tarar da faifai mai lanƙwasassun fikafikai a cikin gida mai siffar dodon koɗi. Ruwa ta tsakiyar faifan yake shiga, fikafikan su kwashe shi su ba shi gudu, ya fita ta baki, sannan gidan da ke ƙara faɗi ya rage masa gudun ya mayar da shi matsi. Wurin da ruwan ya bari a tsakiya matsinsa ya ragu, sai iskar duniya da ke danne saman kogin ta turo wani ruwan ta cikin tiyo. Ashe famfon ba ya zuƙo ruwa da ƙarfin kansa, hanya kawai yake buɗe wa iska ta yi turin. Shi ya sa akwai iyakar da ba a wucewa, wadda Evangelista Torricelli na Italiya ya bayyana sababinta a 1643: a bakin teku iska ba ta iya ɗaga ruwa fiye da wajen mita 10.3, a Katsina kuwa, da ke sama da teku da wajen mita 500, iyakar ta sauko zuwa wajen mita 9.7, kuma a aikace da wuya injin ya ja daga zurfin da ya wuce mita bakwai ko takwas. Saboda haka ne manomi ke haƙa rami ya saukar da injinsa idan ruwan fadama ya ja baya a watan Maris, kuma saboda haka ne a rijiyar burtsatse ake zura famfon can cikin ruwa, da farfeloli jere a kan sanda ɗaya, kowace tana miƙa wa ta samanta.

Abu biyu ne ke tabbatar da lissafin Malam a wannan injin. Na farko, idan ba a cika gidan farfela da ruwa kafin a tayar ba, sai ta yi ta juya iska a banza, domin ruwa ya fi iska nauyi wajen sau 800, matsin da za ta samar da iska bai isa ya ɗaga komai ba. Na biyu, tsayin da famfo ke kai ruwa yana bin gudun juyi ne ninki a kan ninki. Famfon da ke kai ruwa mita 40 a cikakken gudu, idan gudunsa ya ragu zuwa rabi mita 10 kawai zai kai. Masu famfon sola da ke kukan cewa da sassafe injin yana ƙara amma ruwa ba ya hawa tanki, yawanci ba lalacewa ya yi ba, rana ce ba ta yi ƙarfin da zai kai shi gudunsa ba.

Malamin fiziks, Daura:

Injiniya, ban musa ba cewa ana iya lissafi daga cikin juyi, kuma ni ma ina koyar da shi a ajin ƙarshe. Abin da nake ƙi shi ne a fara da shi. Yaron da aka fara gaya wa cewa juyi na wurga abubuwa waje, zai tafi da wannan a matsayin doka, ranar da ya ga wani abu ya nufi tsakiya kuma sai ya rasa ta cewa. Tambayar shayin da ɗalibinmu ya yi ita ce shaidata.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje, Katsina:

Malamai, a ba ni dama in kawo abin da muke gani kullum a wurin aiki, domin a wurinmu abu ɗaya ne ake juyawa, wani sashensa ya yi waje, wani ya yi ciki. Idan aka bar jini a doguwar kwalba a tsaye, jajayen ƙwayoyinsa suna sauka a hankali, kuma akwai gwajin da awa guda cur muke jira don mu auna iyakar saukar. Idan kuwa aka saka kwalbar a na'urar juya jini, wadda nisan gindin kwalba daga tsakiyarta santimita 15 ne, aka juya sau 3,000 a minti, kowace ƙwaya za ta zama tamkar nauyinta ya ninku wajen sau 1,500, sai rabuwar ta kammala cikin 'yan mintoci. A gwajin yawan jini da ake yi wa masu juna biyu da yara masu zazzaɓin cizon sauro, siririyar kwalba ce kamar tsinke ake toshe bakinta ɗaya, a juya ta fiye da sau 10,000 a minti har minti biyar. Idan ta fito sai ka ga hawa uku: ja a can ƙarshen waje, wani siririn zare fari a tsakani wanda shi ne fararen ƙwayoyi, sannan ruwan jini mai launin rawaya ta ɓangaren tsakiyar na'urar. Tsawon jan kashi nawa ne cikin ɗari na dukkan jinin, shi ne sakamakon da likita ke karantawa.

Bambancin nauyin da ya haifar da wannan ba wani mai yawa ba ne. Lita ɗaya ta jajayen ƙwayoyi ba ta wuce wajen kilo 1.1 ba, ta ruwan jini kuma wajen kilo 1.03 ce. Amma shi ya isa. Da wannan hikima ce Gustaf de Laval na ƙasar Suwidin ya ƙera injin raba madara da mai a 1878, inda madarar ke yin waje, man da ya fi ta sauƙi ya taru a tsakiya a kwashe shi ta wani bututu daban. Wanda ke son ya gani da idonsa ya cika gorar roba da ruwa ya bar 'yar iska kaɗan, ya kwantar da ita a gicciye a cikin mota. A kowace kwana zai ga kumfar iskar ta gudu zuwa ɓangaren cikin kwanar, kishiyar inda jikinsa ke karkata.

Abin da ba ma wasa da shi shi ne daidaita kwalabe. Kowace kwalba sai an ajiye mata abokiya mai nauyinta a ramin da ke fuskantarta, ko da ta ruwa ce zalla, domin rarar giram goma a gudun juyi 3,000 a minti daidai take da kilo 15 da ke fizgar sandar na'urar zagaye-zagaye sau hamsin a kowace daƙiƙa. Na'urar da ake yi wa sakaci da wannan, boris ɗinta ne ke fara ƙara kafin ta soma tafiya a kan tebur da kanta.

Malamin fiziks, Daura:

Hajiya, Allah ya saka da alheri, kin kawo ainihin wurin da nake so a tsaya. A cikin ruwan da ke juyawa, matsi yana ƙaruwa ne daga tsakiya zuwa bango, kuma wannan bambancin matsi shi ke tura kowane ɗigo zuwa ciki gwargwadon abin da yake buƙata don ya bi da'irar. Idan aka saka wani abu a madadin ɗigon, turin da zai samu daidai yake da wanda ɗigon ke samu, ba ƙari ba ragi. In ya fi ruwan nauyi, turin bai ishe shi ba, sai ya kasa bin kwanar ya riƙa zamewa waje. In ya fi ruwan sauƙi, turin ya yi masa yawa, sai ya nufi tsakiya. Kun ga bayani ɗaya ya ɗauke jajayen ƙwayoyi da man madara da kumfar gora, ba tare da an kira wani ƙarfi na waje ba.

Ɗalibin injiniyanci, Ƙofar Marusa:

Na gode, Malam, wannan ya shiga. Amma ganyen shayin da ya jiƙa nutsewa yake yi, ke nan ya fi ruwa nauyi. A bisa wannan bayani ya kamata ya yi waje kamar jajayen ƙwayoyin jini, sai ga shi yana taruwa a tsakiya.

Injiniyan ruwa, Dutsin-Ma:

Tambayar ba ƙarama ba ce, domin Albert Einstein da kansa ya yi rubutu a kanta a 1926, kuma kafin shi James Thomson ya bayyana irin wannan motsi a kwanar koguna a 1876. Bambancin kofi da na'urar Hajiya shi ne, a na'urar kwalba da jini tare suke juyawa, a kofi kuwa ruwa ne ke juyawa, kofin yana tsaye. Ruwan da ke sama yana gudu sosai, yana taruwa a bango, har ana ganin tsakiya ta lotsa gefe ya tashi, don haka matsi ya fi yawa a gefe tun daga sama har ƙasa. Amma siririn ruwan da ke shafar gindin kofi, gogayya ta rage masa gudu, ba ya buƙatar duk wannan turi, sai matsin ya rinjaye shi ya kora shi zuwa tsakiya. Ta haka wani zagaye na biyu ke samuwa a ɓoye cikin na farko: ruwa ya sauka ta bango, ya bi gindi zuwa tsakiya, ya hau sama, ya sake yin waje. Ganyen yana ƙasa, wannan ruwan na gindi ne ke share shi zuwa tsakiya, kuma nauyinsa ya hana shi hawa, sai ya tsaya a nan ya yi tsibi.

Wannan a wurinmu ba wasan kofi ba ne. A kowace kwanar kogi ko korama, ruwan sama mai gudu yana dukan gaɓar waje, ya nutsa, ya ci gindinta, ruwan ƙasa kuma ya kwashi yashi ya ratsa da shi zuwa gaɓar ciki ya jibge. Wanda ya bi kogin Karaduwa ko na Gada da rani, lokacin da ruwa ya janye, zai ga gaɓar waje a tsaye kamar an sare ta da gatari, da saiwoyin itatuwa a waje, gaɓar ciki kuwa shimfiɗaɗɗen yashi ne inda masu tifa ke ɗiba. Kowace damina kwanar ƙara zurfi take yi ta ɓangaren waje. Don haka ba a gina gida ko a haƙa rijiya kusa da gaɓar waje, komai nisan da ake ganin ruwa yake a yau, kuma idan za a zuba duwatsun kariya can ake zubawa, har ƙasa da inda ake zaton ruwa zai ci. A ɗaya hannun, idan za a yanki magudanar ban-ruwa daga kogi, ta gaɓar waje ake buɗe bakinta, domin wanda ya buɗe ta gaɓar ciki yashe magudana zai zama sana'arsa.

Kuma a nan, Malam, na yarda cewa wanda ya haddace cewa juyi waje yake kai komai ba zai taɓa gane dalilin ba. Amma ka lura cewa ni na yi bayanin ne da harshen matsi, wanda mu duka biyu muka yarda da shi.

Mai walda, Sabuwar Unguwa:

Ranku ya daɗe, ina bin muhawarar tun farko, kuma ina da tambayoyi biyu daga wurin aikinmu. Yara sukan cire murfin ƙaramin injin yankan ƙarfe na hannu su ɗaura masa babban faifai, wai don ya yi zurfin yanka, ni kuwa hanawa nake yi ba tare da na iya faɗa musu dalili da lissafi ba. Na biyu, wani mai kwangila ya kawo mini injin kwaɓa siminti yana so in sauya masa fuli, wato faifan da bel ke ja, don gangar ta ƙara sauri aiki ya riƙa ƙarewa da wuri. Shin akwai illa a ciki?

Injiniyan hanyoyi, Katsina:

Maigida, hanin da kake yi daidai ne, kuma lissafinsa a rubuce yake a jikin faifan. Faifai ba igiya ce ke riƙe da shi ba, ƙarfin jikinsa ne kawai ke jan bakinsa zuwa tsakiya, kuma yawancin faifan yanka an yi su ne don bakinsu kada ya wuce gudun mita 80 a daƙiƙa. Shi ya sa za ka ga ƙarami mai milimita 115 an rubuta masa wajen juyi 13,300 a minti, babba mai milimita 230 kuma wajen 6,600. Ƙaramin injin yana juyi wajen 11,000 a minti. Idan aka ɗaura masa babban faifai, bakinsa zai yi gudun da ya haura mita 130 a daƙiƙa, kuma abin da ke neman yaga shi ya kusa ninki uku na iyakar da aka yi shi dominta. In ya fashe, gutsattsarin a kan shafin juyinsa suke fita, wato daidai inda fuskar yaron da cikinsa suke idan ya sunkuya a kan aikin, ga shi kuma ya cire murfin da zai tare su. Ko da faifan daidai ne, a koya musu tsayawa a gefe, kuma kada a yi aiki da wanda ya faɗi ƙasa ko ya sha danshi.

Game da injin kwaɓa siminti, ka ba mai kwangilar haƙuri. Kwaɓi yana samuwa ne idan ganga ta ɗaga tsakuwa da yashi zuwa sama, nauyinsu ya rinjaya, suka ruɓzo a kan sauran. Akwai gudun da idan ganga ta kai shi, kayan ba za su ƙara faɗowa ba, sai su manne a bango su yi ta zagaye tare da ita. Ga gangar da faɗinta mita ɗaya ne, wannan gudu wajen juyi 42 ne a minti, kuma yana raguwa idan ganga ta fi haka faɗi. Tun kafin a kai can kwaɓin ke lalacewa, domin tsakuwa na rabuwa da ruwan siminti, shi ya sa masu ƙera irin waɗannan injina ke tsayar da su can ƙasa da iyakar. Injinan niƙa ma'adinai masu ganga da ƙwallayen ƙarfe ma, irin waɗanda ake niƙa farar ƙasa kamar ta Ƙanƙara da su, tsakanin kashi 65 zuwa 80 cikin ɗari na wannan gudu ake juya su, don ƙwallayen su hau su faɗo a kan kayan. Ka auna faɗin gangarsa, ka ƙirga juyinta a minti ɗaya da agogo a hannu, in ka tarar tana wajen rabin iyakar to ka bar masa fulinsa yadda yake, ka duba fikafikan cikin gangar, domin sau da yawa su ne suka cinye ko busasshen siminti ya rufe su.